Ajin Zane na Yamma ga Manya a Gidajen Tarihi: Asalinsa, Tsarinsa da Haɗin Koyo da Zumunci

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazari a kan azuzuwan zane da wasu gidajen tarihi suke shirya wa manya da yamma bayan an tashi daga aiki, inda ake haɗa koyon zane da hira da sanin juna. Ta bi asalin al'adar daga birnin Landan a tsakiyar ƙarni na 19 zuwa birnin New York a tsakiyar ƙarni na 20, ta bayyana yadda ajin yake gudana a yau, sannan ta duba dalilan da suka sa ake ganin amfaninsa da matsalolin da suke tattare da shi. Matsayin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne cewa ajin yamma yana cika manufarsa ne idan hirar da zanen duka sun ta'allaƙa da kayan da gidan tarihin ya adana, domin da zarar an raba su da kayan, abin da ya rage nishaɗi ne da za a iya samu a ko'ina. A ƙarshe an duba abin da gidajen tarihi na ƙasar Hausa za su iya ɗauka daga wannan tsari.

1.0 Gabatarwa

Akasarin gidajen tarihi a duniya suna buɗe ƙofofinsu ne da hantsi su rufe kafin magariba, wato daidai lokacin da ma'aikaci yake ofis, ɗan kasuwa yake rumfarsa, mai sana'a kuma yake bakin aikinsa. Sakamakon haka, waɗanda suka fi cika ɗakunan nunin su ne 'yan makaranta da aka kawo su rukuni-rukuni, da baƙi masu yawon buɗe ido, da waɗanda suka yi ritaya, alhali magidancin da harajinsa yake cikin abin da ake tafiyar da gidan ba ya samun sukunin leƙa shi. Ban da matsalar lokaci akwai wata da ta fi ta zurfi, wadda masanan zamantakewa na Faransa Pierre Bourdieu da Alain Darbel suka bayyana a binciken da suka wallafa a shekarar 1966 game da masu ziyartar gidajen adana zane-zane a Turai. Sun nuna cewa zurfin karatun mutum da irin gidan da ya tashi su ne suka fi tabbatar da ko zai shiga gidan tarihi ko ba zai shiga ba, kuma wanda bai saba ba yakan ji kansa baƙo a wurin ko da ba a karɓi ko kwabo daga hannunsa ba.

Ajin zane na yamma yana cikin hanyoyin da gidajen tarihi suka ɓullo da su domin magance waɗannan matsaloli biyu a lokaci guda. Yana mayar da lokacin ziyara zuwa sa'ar da mai aiki yake da sarari, yana kuma ba baƙon wani abin yi da abokan yi, ta yadda ba zai tsaya shi kaɗai gaban zane yana tunanin ko akwai wani abu da ya kamata ya fahimta wanda ya kuɓuce masa ba. Maƙalar za ta bi wannan tsari daga tushensa, domin sanin abin da waɗanda suka fara shi suka nufa yana taimakawa wajen auna abin da ake yi da sunansa a yau.

2.0 Bayanin Muhimman Kalmomi

Gidan tarihi, a wannan maƙala, yana nufin cibiyar da take tattara kayayyakin al'ada da na fasaha, ta adana su, ta yi bincike a kansu, ta kuma baje su ga jama'a, ko kayan tsofaffi ne ko na zamani. Ma'anar da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta amince da ita a taronta na birnin Prague a shekarar 2022 ta ƙara da cewa gidan yana aiki ne tare da sa hannun al'umma, yana kuma samar da ilimi da jin daɗi da tunani da musayar sani, abin da ya nuna cewa koyarwa tana cikin ainihin aikin gidan. Zane kuwa kalma ce mai faɗi a Hausa, amma a nan an taƙaita ta ga fitar da siffar abu a kan takarda ko ƙyalle da fensir ko gawayi ko fenti, tare da abin da ya kusance shi, kamar ginin yumɓu da buga ado a kan yadi.

Abin da ake nufi da ajin zumunci shi ne zaman koyo da ba a yin jarrabawa a ƙarshensa, ba a ba da takardar shaida, ba a kuma buƙatar mai shiga ya zo da wata ƙwarewa, kuma an tsara shi da gangan ta yadda mahalarta za su yi magana da juna. Wannan ne ya bambanta shi da makarantar koyon zane, inda ɗalibi yake bin manhaja shekara da shekaru domin ya zama gwani, ya kuma bambanta shi da lacca, inda masani yake magana jama'a suna saurare.

3.0 Asalin Al'adar a Landan

Bayan babban bikin baje kolin masana'antu da aka yi a Landan a shekarar 1851, gwamnatin Birtaniya ta damu da cewa kayan da masana'antunta suke ƙerawa ba su kai na Faransa kyan ado ba, don haka aka kafa gidan adana kayan sana'a a 1852 ƙarƙashin jagorancin Henry Cole. A 1857 aka mayar da shi unguwar South Kensington, kuma shi ne gidan da tun 1899 ake kira da sunan Victoria da Albert. Cikin shekara guda da buɗe shi a sabon wurin, Cole ya fara barin ƙofofinsa a buɗe da dare a wasu ranakun mako, abin da ya yiwu saboda an sanya fitilun gas a ɗakunan nunin. Manufarsa a fili take: yana so leburori da masu sana'a su samu shiga bayan sun tashi daga aiki, yana kuma fatan gidan tarihin ya janye su daga mashaya, wadda a lokacin ita ce kusan wurin hutu ɗaya tilo da talakan birni yake da shi da dare. An kuma tanadi wurin cin abinci a cikin gidan.

Tsarin koyar da zane da Cole da abokin aikinsa Richard Redgrave suka shimfiɗa ya kasance mai tsauri, an kasa shi matakai 23, ɗalibi yana farawa da kwafar layuka da siffofin ado daga takarda kafin a bar shi ya fuskanci abu na zahiri. Burin tsarin shi ne samar da ma'aikata masu daidaitaccen hannu da za su gyara adon kayan masana'anta, don haka ba a damu sosai da abin da ɗalibin yake ji ko yake gani da idonsa ba.

A daidai wannan zamani wani tafarki na daban ya ɓullo a Kwalejin Ma'aikata ta Landan, wadda F. D. Maurice da abokansa suka kafa a 1854. A can ne marubuci kuma masanin fasaha John Ruskin ya riƙa koyar da zane da dare ga kafintoci da magina da masu buga littattafai da akawuna. Darasin farko da yake ba su shi ne su zana farar ƙwallo, su lura da yadda haske yake sauka a kanta da yadda inuwa take zagaye ta, daga nan sai ya kawo musu ganyaye da duwatsu da rassan itace. Ruskin ya sha bayyana cewa gani yake koyarwa, zane kuwa hanya ce ta kaiwa gare shi, kuma a 1857 ya shaida wa wani kwamitin gwamnati cewa ba yana neman mayar da kafinta mai zane ba ne, yana so ne kafintan ya ƙara jin daɗin rayuwarsa a matsayinsa na kafinta.

Daga waɗannan tushe biyu ajin yamma na yau ya samu gadonsa. Cole ya bar masa lokaci da wuri, wato gidan tarihi mai haske da dare wanda mai aiki zai iya shiga ya ci abinci ya zauna, Ruskin kuma ya bar masa manufa, wato koya wa talaka ya kalli abu da natsuwa ba tare da an ɗora masa burin zama gwani ba. Ƙungiyar da Ruskin ya kafa da kansa ce ma ta assasa gangamin ƙarfafa zane a Birtaniya a shekarar 2000, wanda ya zama bikin shekara-shekara da gidajen tarihi da yawa suke shiga.

3.1 Gudummawar New York

Mataki na gaba ya zo ne daga Gidan Adana Fasahar Zamani na New York, wanda aka kafa a 1929, inda Victor D'Amico ya shugabanci sashen ilimi daga 1937 zuwa 1969. A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gidan ya buɗe cibiyar koyar da fasaha ga sojojin da suka dawo daga fagen fama, da goyon bayan Abby Aldrich Rockefeller. Sojojin sun koyi zane da sassaƙa da ginin tukwane da aikin katako da ƙera kayan ado, kuma kafin a rufe cibiyar a 1948 fiye da mutum dubu sun ratsa ta. Abin da aka lura da shi a wannan cibiya shi ne cewa mutanen da yaƙi ya bar wa tabo a zuciya suna samun sauƙin komawa cikin jama'a idan suna aiki da hannuwansu kusa da waɗanda suka sha irin wahalar da suka sha.

A shekarar da aka rufe ta aka buɗe Cibiyar Fasaha ta Jama'a a madadinta, wadda ta karɓi yara da manya ba tare da la'akari da sana'arsu ko ƙwarewarsu ba. D'Amico ya yi imani cewa kowane mutum yana da basirar ƙirƙira wadda rashin amfani ya danne, ya kuma yi adawa da sa ɗalibi ya kwafi zanen wani, domin a ganinsa kwafa tana kashe ƙarfin gwiwar mai koyo ta sa ya dogara da idon waninsa. Da wannan aiki ne aka tabbatar cewa babba yana da haƙƙin zuwa gidan tarihi ya yi wani abu da hannunsa, kuma abin da ya yi yana da daraja ko da ba za a taɓa rataya shi a bango ba.

4.0 Yadda Ajin Yake Gudana a Yau

Tun daga 1999, lokacin da gidan Victoria da Albert ya fara shirin daren Juma'ar ƙarshen wata, buɗe gidajen tarihi da dare tare da kiɗa da tattaunawa da aikin hannu ya yaɗu a manyan biranen Turai da Amurka. Ajin zane yakan zo a ɗaya daga cikin siffofi uku. Akwai zaman da kowa yake iya shiga ba tare da rajista ba, irin wanda gidan Metropolitan na New York da gidan adana hotunan mutane na Landan suka saba shiryawa, inda ake raba takarda da fensir kyauta a cikin ɗakin nuni. Akwai zaman dare ɗaya da ake sayen tikitinsa, wanda yakan haɗa da abin sha da ɗan abin taɓawa. Akwai kuma kwas na makonni, inda rukuni ɗaya yake haɗuwa a rana ɗaya kowane mako, kuma a wannan siffa ta uku ce sabo yake zama abota.

Zaman yakan ɗauki awa biyu ko kusa da haka, kuma yawanci ana fara shi ne a gaban kaya ɗaya ko biyu da malamin ya zaɓa. Malamin, wanda galibi mai zane ne da yake rayuwa da sana'arsa, yakan tambayi mahalarta abin da suke gani kafin ya gaya musu sunan wanda ya yi aikin ko shekarar da aka yi shi, domin idan bayani ya riga kallo, mutane sukan daina amincewa da idanunsu. Daga nan sai a shiga gajerun atisaye da aka tsara domin kawar da fargaba: a ce mutum ya zana abu cikin minti ɗaya, ko ya zana shi ba tare da ya kalli takardarsa ba, ko ya riƙe fensirin da hannun da bai saba rubutu da shi ba. Hikimar waɗannan atisaye ita ce babu wanda zanensa zai fito daidai, don haka gwani da ɗan koyo suna zama ɗaya, kunya tana raguwa, magana kuma tana buɗewa tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba.

Kiyaye lafiyar kayan gidan shi ne yake iyakance abin da za a iya yi a ɗakin nuni. Yawancin gidaje ba sa yarda da komai a wurin sai fensir, saboda tawada da fenti suna iya fantsama, garin gawayi kuma yana tashi ya sauka a kan kaya. Abinci da abin sha suna jawo ƙwari, hasken da ake bari a kan zanen takarda da tsofaffin yadudduka kuma ɗan kaɗan ne domin haske mai ƙarfi yana kashe launi. Saboda haka akan kasa zaman gida biyu: kallo da zanen fensir a ɗakin nuni a kan kujerun naɗewa, sannan aikin fenti ko yumɓu da shan shayi a wani ɗaki da aka keɓe. A ƙarshe akan shimfiɗa ayyukan kowa a ƙasa ko a kan tebur, a zagaye su, kowa ya faɗi abin da ya lura da shi, ba tare da an fitar da na ɗaya ko na ƙarshe ba.

5.0 Amfanin Haɗa Zane da Zumunci

Dalili na farko ya shafi kallo. A wani bincike da Jeffrey Smith da Lisa Smith suka wallafa a 2001 an auna tsawon lokacin da masu ziyara suke tsayawa gaban shahararrun zane-zane a gidan Metropolitan, aka samu matsakaicinsa kusan sakan 27 ne. Wanda aka ba shi fensir aka ce ya fitar da siffar abin da yake gabansa dole ya zauna minti ashirin ko fiye, kuma a cikin wannan zama ne yake gano abin da mai wucewa ba ya gani: inda mai sassaƙa ya canza hannu, yadda naɗin riga ya bi motsin jiki, ko yadda adon bakin tukunya yake maimaita kansa. Wannan fahimta ce ta sa gidan Rijksmuseum na Amsterdam ya yi gangami a 2015 yana roƙon baƙinsa su zana abin da suka gani maimakon su ɗauki hotonsa da waya. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, ajin zane kuma yana nuna cewa shi kansa ganin yana da matakai, kuma hannu yana taimaka wa ido ya kai na ƙarshe.

Dalili na biyu ya shafi halin babba a matsayin ɗalibi. Mutane da yawa sun daina zane tun suna yara, a daidai shekarun da yaro yake fara gwada aikinsa da ainihin abin ya ga bai yi kama ba, sai su girma da yaƙinin cewa zane baiwa ce da ba a ba su ba. Malcolm Knowles, masanin ilimin manya na Amurka, ya yi bayani cewa babba yana zuwa wurin koyo ne da tarin abin da ya riga ya sani, yana so a girmama shi, yana kuma so ya ga amfanin darasi nan take. Magidanci mai mutunci a gidansa da wurin aikinsa ba ya son a gan shi yana fama da abin da yaro yake yi cikin sauƙi, amma idan ya duba ya ga likita a damansa da direba a hagunsa duk suna fama irin nasa, nauyin yakan sauka. Ta nan ne zumunci yake zama sharaɗin koyo, domin gemu ba ya hana ilimi, kunya ce take hana shi.

Dalili na uku ya shafi kaɗaici, wanda ya zama abin damuwa ga hukumomi a ƙasashen da zaman birni ya raba mutane da danginsu. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, babban likitan gwamnatin Amurka kuma ya fitar da gargaɗi a kanta a 2023. Masanin zamantakewa Ray Oldenburg, a littafin da ya wallafa a 1989, ya yi amfani da kalmar wuri na uku, yana nufin wurin da ba gida ba ne ba kuma wurin aiki ba, inda mutane suke haɗuwa a kai a kai ba tare da wani nauyi ba, kamar yadda majalisa ko dandali suke a garuruwan Hausa. Ajin zane yana da wata falala a kan sauran wuraren haɗuwa, domin mai kunya ko wanda bai iya harshen wurin sosai ba yana iya yin shiru yana aikinsa ba tare da an ga laifinsa ba, idan kuma ya so magana, abin da yake gabansu ya riga ya ba shi abin faɗa. Rahoton da ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar a 2019, wanda ya duba bincike sama da 3,000, ya nuna cewa shiga harkokin fasaha yana taimakawa wajen kiyaye lafiya da rage damuwa, kuma a 2018 wasu likitoci a Montreal ta Kanada suka fara rubuta wa majinyata takardar ziyartar gidan adana zane-zane na birnin kyauta.

6.0 Matsaloli da Haɗurra

Babban haɗarin da yake fuskantar wannan tsari shi ne zumunci ya rinjayi kallo har kayan gidan su zama ado kawai a bayan mahalarta. A 2007 wasu mata biyu a garin Mandeville na jihar Louisiana suka fara wani kasuwanci na zane da shan abin sha, domin su faranta ran maƙwabtansu bayan ɓarnar guguwar Katrina, kuma salon ya bazu a Amurka da wajenta. A irin wannan zama malami yakan tsaya gaba yana jan buroshi mataki-mataki, kowa yana binsa, har a tashi da zane iri ɗaya a hannun mutum talatin. Salon yana da amfaninsa a matsayin nishaɗi, amma idan gidan tarihi ya ɗauke shi yadda yake, ya koma ga kwafar da D'Amico ya yi yaƙi da ita, ya kuma yi watsi da abu ɗaya da ya mallaka wanda babu shi a wani wuri, wato kayan asali da mutum zai zauna gabansu.

Matsala ta biyu ita ce kuɗi. Buɗe gida da dare yana buƙatar masu gadi da wutar lantarki da ladan malami da kayan aiki, kuma ko a Birtaniya, inda shiga manyan gidajen tarihi na gwamnati ya zama kyauta tun Disambar 2001, azuzuwa da dama sai an biya. Idan tikiti ya yi tsada, masu zuwa su ne waɗanda dama can suke zuwa, sai a wayi gari shirin da aka ƙirƙiro domin leburan Cole ya zama na masu hali. Haka nan sayar da barasa, wanda ya zama ruwan dare a shirye-shiryen Turai da Amurka, yana nisanta Musulmi da duk wanda ba ya sha, lokacin yamma kuma yana yi wa mai ƙananan yara da mai aikin dare da mazaunin nesa wuya. Matsala ta uku ita ce wuce gona da iri wajen alƙawarin lafiya, domin malamin zane ba likita ba ne, kuma amfani da fasaha wajen jinyar masu taɓin hankali fanni ne mai zaman kansa da yake buƙatar horo na musamman.

7.0 Abin da Gidajen Tarihi na Ƙasar Hausa Za Su Iya Ɗauka

Karatun manya bayan aiki tsohon abu ne a ƙasar Hausa, tun daga zaurukan malamai da ake zama bayan sallar isha, zuwa azuzuwan yaƙi da jahilci da aka yaɗa a Arewacin Nijeriya a shekarun 1950, zuwa makarantun dare na Islamiyya da matan aure suke halarta. Haɗa gidan tarihi da sana'ar hannu ma yana da misali na kusa, domin Gidan Tarihi na Ƙasa da yake Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ya tanadi wurin da dukawa da maƙera da masaƙa suke aiki a gaban jama'a. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da tarin tukwane daga sassan Nijeriya, Gidan Makama na Kano kuwa ginin kansa darasi ne a kan adon bango da ginin azara. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan abubuwa biyu da ake da su, wato al'adar karatun dare da kayan da suke ajiye.

Tsarin zai buƙaci gyara domin ya dace da wurin. Da yake mutane da yawa suna ƙyamar zana siffar abu mai rai bisa dalilin addini, ya fi dacewa a gina ajin a kan fasahar da al'umma ta riga ta mallaka: zayyanar allo, da dagi da sauran adon bango, da aska takwas ta babbar riga, da ɗinkin hula, da zanen ƙwarya, da adon fata. Malaman da suka fi cancanta su ne masu waɗannan sana'o'i, a biya su ladansu, a kuma zaunar da su gaban tsofaffin ayyukan da gidan ya adana domin su nuna abin da idon gwani yake gani. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne tsakanin la'asar da magariba, wanda yake rage dogaro da lantarki da damuwar komawa gida da dare, kuma keɓe wa mata ranarsu da malamai mata zai ba da dama ga waɗanda ba za su shiga ajin haɗaka ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ajin zane na yamma ya samo lokacinsa daga Cole, manufarsa daga Ruskin, da girmama aikin ɗan koyo daga D'Amico, kuma amfaninsa yana fitowa ne daga yadda zane yake tsawaita kallo, zumunci kuma yake kawar da kunyar da take hana babba koyo. Ma'aunin da ya kamata shugabannin gidajen tarihi su riƙa amfani da shi ya wuce yawan tikitin da aka sayar ko kyan zanen da aka tafi da shi gida. Ya kamata su duba ko mahalarta sun zauna gaban kayan gidan sun kalle su da natsuwa, ko a cikinsu akwai waɗanda ba su taɓa shigowa ba, da kuma ko sun dawo a mako na gaba suna kiran juna da suna. Gidan da ya samu amsa mai kyau ga waɗannan tambayoyi uku ya mayar da kayan da yake tsare da su hannun jama'ar da aka ajiye su dominta.